Ranar da Zulai Bakin Zuma Ta Ci Wasa

Bari in amsa laifina da bakina tun kafin wata ta riga ni a wurin sharhi: eh, na yaudari bawan Allah. Wata huɗu cur ina yi, kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne na iya. Ni Mastura, wadda a gidanmu na Zariya in baƙo ya yi sallama nake shigewa ɗaki har sai ya tafi.

Ga waɗanda yau muka fara haɗuwa: shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a nan Jidda, shekara biyu ke nan. Ina zaune wajen Gwaggo Saudatu, dangin Babanmu ce da aka haifa a nan. Mahaifinta ya zo hajji ta ruwa, ya sauka a tashar Jidda, bai sake komawa ba. 'Ya'yanta biyu, Yaya Badr da ke aiki a wata masana'anta a kudancin gari, da Lina, sa'ata, wadda take jin Hausa sarai amma in ta tashi yi sai ta haɗa ta da Larabci kamar dafa-duka.

Kowace Juma'a bayan la'asar Yaya Badr yakan zo da matarsa Maha, ya shimfiɗa wata taswira da ya zana da hannunsa a tsakiyar kafet ɗin falo, ya danne gefunanta da kofunan shayi. Wasan ba shi da wuya. Shi ne mai jan labari, shi zai ce ga gari, ga hanya, ga abin da ya tare ku. Kowa kuma yana da mutumin da yake zama a cikin labarin, da sunansa da halinsa a rubuce a takarda. In ka ce mutuminka zai yi wani abu mai wuya, sai ka jefa zahar, wato ɗan ludo, sai dai wannan fuskarsa ashirin. Lamba ta yi sama ka ci, ta yi ƙasa ka sha dariya.

Ranar farko Gwaggo ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Badr, caca kake yi mini a gida?"

"Wallah Ummi ma fi fulus, ba kuɗi a ciki. Tatsuniya ce kawai."

"Tatsuniya da rana tsaka? To, Allah ya shirya."

Tun daga nan ta samu kujerarta a lungu, tana tsinke ganyen na'ana'a a tire tana cewa ba ta kallo, alhali ta fi kowa sanin inda aka tsaya.

Wata guda na yi ina zuba musu shayi kawai. Sai ran nan Lina ta fizge butar daga hannuna ta ɗora mini takarda a cinya.

"Inti ba ki magana. Halas, magana ta ƙare, yau ke ce Zulai."

Na duba takardar. Zulai Bakin Zuma, mai sayar da turare, mai bin ayari. Ta taɓa sayar da raƙumi ɗaya ga mutum biyu, kuma dukansu suka yi mata godiya. Na ce wa Lina ni ko farashin tumatir ban iya ragewa ba. Ta ɗauko wani jan gyale mai duwatsu da Gwaggo ta sayo a kasuwar Bab Makka ta yafa mini.

"Ba ke ba ce, habibti. Zulai ce. In an ji kunya ita za ta ji."

Jama'a, ban san daga inda muryar ta fito ba. Wataƙila daga dillalan da suke shigowa gidanmu da ƙunshin atamfa ina yarinya, ina laɓe bayan labule ina jin yadda suke juya Umma. Na dai ji bakina ya buɗe. Kafin magariba Zulai ta sa wani hakimin ƙauye ya ba mu jakuna uku a kan kwalbar ruwan rijiya da ta ce turaren mallakar zukata ne. Maha ta kwanta a kafet tana dariya har da hawaye.

A hankali na gane dabarunta. Ka fara da ƙaramar gaskiya, sai a yarda da babbar ƙaryar da ke biye. Ka yaba wa mutum abin da yake so a lura da shi. In kuma aka yi maka tambayar da ba ka so, ka ba da dariya a madadin amsa.

Ba zan yi wa Zulai butulci ba, ta yi mini rana. Ita ta sa na iya tsayawa gaban shugabar sashenmu na ce ba zan ƙara ɗaukar aikin Asabar uku a jere ba. Ita ta sa na fara ciniki a kasuwa har mai shago ya bi ni da kaya. Har yau in na tuna ranar da Lina ta yafa mini gyalen nan sai na yi mata addu'a.

Sai Musaddiq ya shigo.

Abokin Yaya Badr ne, ɗan Gusau, yana aiki a ofishin wani kamfanin fito da kaya a tashar jiragen ruwa. Sau ɗaya ya gan ni, ranar da na kai musu abinci na kasa ko amsa gaisuwa da kyau. Ya bi ta hannun Yaya Badr, Yaya Badr ya bi ta hannun Gwaggo, aka ba shi lambata. Ga saƙonsa na farko, yana nan ban goge ba:

"Assalamu alaikum Malama Mastura. Musaddiq ne, abokin Badr. Da fatan ban takura ba."

Awa guda na yi ina kallon wayar. In rubuta, in goge. Can wani tunani ya zo mini: da Zulai ce, me za ta ce? Sai yatsuna suka tafi da kansu.

"Wa alaikumus salam. Takura kam ka yi, amma tunda ka nemi afuwa da wuri an yafe rabi."

"Sauran rabin fa?"

"Sai mun ga halinka."

Shi ke nan. Daga ranar Zulai ce ke riƙe da wayata. Ya ce yana son teku, na ce ni ai ba na rabuwa da bakin ruwa, ni da ko kwale-kwale na gani a hoto sai kaina ya juya. Gwaggo ta aika masa da waina, ya yaba, na ce hannuna ne. Ƙananan abubuwa, irin waɗanda ake dariyarsu bayan aure. Da a nan na tsaya da ban zauna ina ba ku wannan labarin ba.

Akwai abin da ya kawo ni Jidda, ban da aiki. Shekara uku da suka wuce an sa mini rana a Zariya. Saura sati uku muka je gwajin sikila, ni AS, shi AS. Ni ce na ce a fasa, don na ga yaran da ake kawowa asibiti suna kukan ciwon ƙashi, na san abin da nake gudu. Aka mayar da lefe akwati shida a bayan mota da rana, maƙwabta suna leƙe. Umma ta yi wata biyu ba ta je biki ko suna ba.

To, wata rana da azahar, ina cin abinci a wurin aiki, saƙon Musaddiq ya shigo.

"Ki yi haƙuri da tambayar da zan yi. Ƙanena Dabo sikila ce ta yi ajalinsa, yana da shekara sha tara. Shi ya sa nake so mu san matsayinmu tun da wuri."

Na ajiye cokalin. Haruffa biyu kawai zan rubuta. Amma sai na ga motar nan da akwatuna a bayanta, na ga fuskar Umma. Na bar wa Zulai wayar.

"Allah ya jiƙan Dabo. Amma ranka ya daɗe, mai aikin gwajin jini kake yi wa wannan tambayar? Kwantar da hankalinka. Ni ai tafin hannu ce, abin da ka gani shi ke nan."

Ya turo: "Alhamdu lillah. Kin sauke mini dutse."

Ban ce AA ba. Haka na dinga faɗa wa kaina. Amma ni da ku mun san abin da na sa ya fahimta.

Na kira Umma na gaya mata, ina tsammanin faɗa. Sai ta ce, "Mastura, ki bari magana ta yi ƙwari tukuna. Ba cewa na yi ki ɓoye har abada ba. Yaron nan yana kirana duk Juma'a ya gaishe ni. Kada ki sa in sake shiga ɗaki in rufe." Kada wata ta zagar mini uwa a nan. Tsoro ne, kuma irin nawa ne.

Ranar Alhamis da ta wuce Yaya Badr ya ce, "Gobe Musaddiq zai zo wasa. Ya dame ni yana so ya ga wannan Zulai da ake ba shi labari."

Na saka doguwar riga ruwan toka, na ɗora baƙar abayata mai ɗinkin zare a hannu, sannan jan gyalen. Lina ta matsa sai da ta ja mini kwalli. Gwaggo ta soya sambusa, ta kunna turaren wuta har falon ya yi hazo. Shi kuma ya zo da farar jallabiya da hula zanna mai ruwan ƙasa, da ledar kilishi da wani ya taho masa da ita daga gida. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya zauna kusa da Yaya Badr, can ɗaya gefen taswirar. Ya ce, "Malama Mastura, ina wuni?" Na amsa wa kafet.

Yaya Badr ya ba shi takarda. Shi ne mai gadin ƙofar Birnin Gishiri, mutum mai amana, an ba shi mabuɗi an ce kada ya buɗe wa kowa bayan faɗuwar rana. Mu kuma ayarinmu ya iso a makare, 'yan fashi na bayanmu, kuma a cikin kayan Zulai akwai abin da bai kamata mai gadi ya gani ba.

Lina ta ce jarumarta za ta haura katanga. Ta jefa zahar, uku. Ta faɗo cikin kwata. Maha ta ce za ta ba shi toshiya, Musaddiq ya gyara zama ya ce, "A'a, ni ba na karɓa," da irin muryar da ta nuna ko a tashar ma haka yake faɗa. Kowa ya juyo ya kalle ni.

Na ja gyalen gaba. Kunyar ta sauka kamar an sauke mini kaya daga ka.

"Sannu da aiki, mai ƙofa. Tun daga nesa na ce wa 'yan uwana, wancan tsayuwar ba ta ɗan haya ba ce, ta mai gadon amana ce. Gaskiya mun makara, laifinmu ne, ba zan ɓoye maka ba."

Ya yi murmushi. "To, me ke cikin buhunan?"

"Turare ne, sai ɗan abin da mace ba ta faɗa a bakin ƙofa." Aka yi dariya. Na ci gaba, na ba shi labarin wata tsohuwa marar lafiya da ke jiranmu a cikin birni, na sa mata suna, na sa mata tari. Har Gwaggo ta daina tsinkar na'ana'a.

Ya ce, "Ta yaya zan san gaskiya kike faɗa?"

Ban yi tunani ba, wallahi. Bakina ne ya riga ni.

"Haba mai ƙofa, kwantar da hankalinka. Ni ai tafin hannu ce, abin da ka gani shi ke nan."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Na ɗaga ido. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma ya tsaya wuri ɗaya, kamar na wanda ya ji an kira sunansa a inda bai zata ba.

"Yalla, jefa," in ji Yaya Badr.

Na jefa. Zahar ya gangara ya bugi kofin Maha ya tsaya. Ashirin. Lina ta yi ihu ta rungume ni.

"Halas!" Yaya Badr ya buga cinya. "Doka ce, ya Musaddiq. Mai gadi ya yarda da ita ɗari bisa ɗari."

Musaddiq ya ɗauki ɗan mabuɗin roba da ke kan taswirar, ya turo shi gabana a hankali.

"Ai ko ba ta jefa ba na riga na yarda da ita," ya ce. "Tun tuni."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da na ji sauƙi. Na kalli mabuɗin. Mutumin nan ya binne ƙanensa, ya tattaro ƙarfin hali ya yi mini tambaya ɗaya, ni kuma na yi masa abin da nake yi wa hakiman ƙarya a kan takarda.

Na zame jan gyalen na ajiye, na saura da ɗankwalina da mayafin abaya.

"Yaya Badr, a dakata da wasan."

"Lesh? Don me? Kin ci fa!"

"Malam Musaddiq," na ce da muryata ta ainihi, ƙarama. "Ni AS ce. Na sani tun shekara uku. A kansa aka fasa aurena a Zariya. Ranar da ka tambaye ni, na juya maka magana da gangan."

Tunda na fara sai na kasa tsayawa. "Kuma ba na son teku, tsoronsa nake ji. Wainar ma Gwaggo ce ta yi."

"Wannan kam na sani," in ji Gwaggo daga lungu. Ba wanda ya yi dariya sai Maha, ita ma ta toshe baki.

Gwaggo ta miƙe da tirenta. "Badr, Maha, Lina, ku zo ku taya ni a kicin." Ta bar ƙofar a buɗe, ta ja kujera ta zauna daidai inda za mu riƙa ganin gefen zanenta.

Musaddiq ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Na ji zafi," ya ce. "Ba zan ce ban ji ba."

"Ka yi haƙuri."

"Bari in gama, don ni ma ina da tawa." Ya ja numfashi. "Sau biyu aka yi mini gwajin nan a gida. Na farko, muna makaranta, aka ce AS. Na biyu, a wani ɗan shago kafin in taho, aka ce AA. Sai na riƙe mai daɗin, na jefa ɗayan a ƙasan akwati. Da kika ce in kwantar da hankalina, murna na yi don ba sai na sake dubawa ba. Kin ga ashe ban matsa miki da tambaya ba ne don ni ma ina gudun amsa."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Kwallin Lina duk ya bi kumatuna.

"Amma wadda kake hira da ita a waya," na ce, "ba ni ba ce. Ni ban iya magana haka ba."

"Wa ya rubuto mini addu'a ranar da na ce Dabo ya cika shekara biyar da rasuwa? Doguwa, babu wasa ko ɗaya a ciki?"

"Ni ce."

"To, ita nake nema. Mai barkwancin ma ina so, in za ta riƙa zuwa ranar Juma'a kawai."

Daga kicin muka ji Lina ta ce "Ya salaam!" sannan muka ji an buge ta da wani abu.

Kafin ya tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana saka takalmi. Ya ce gobe zai zo asibitinmu a ɗebi jininsa, a yi gwajin da babu shakka a cikinsa. Ya ce, "In ya fito yadda muke tsoro, ba zan roƙe ki mu rufe ido ba. Na ga abin da Dabo ya sha. Amma gara mu ji tare."

Bayan magariba na kira Umma na faɗa mata duka. Ta yi kuka, na yi. Gwaggo ta karɓi wayar ta shiga ɗaki da ita, ban san me ta ce mata ba, na dai ji tana cewa, "Hajiya, 'yarki ta fi mu." Da ta dawo mini da wayar, Umma ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ni ce na ba ki gurguwar shawara." Shekara uku ina jiran wani ya ce mini ban yi laifi ba da na fasa wancan auren, sai ga shi ya zo ta inda ban zata ba. Na gode wa Allah da ya ajiye ni a gidan nan. Mutanen da ban taɓa gani ba sai da na sauka a filin jirgi da akwati ɗaya, su ne yau suke tsaye a bayana.

Asabar da safe ina wurin aiki aka miƙo kwalbar jinin Musaddiq ta taga, mai murfi ruwan hoda-hoda, da sunansa a jiki. Na kai wa abokin aikina Yazan na ce shi zai yi, ni ba zan taɓa ba, kada kuma ya gaya mini komai. Ya kalli sunan, ya kalle ni, ya ce, "Tayyib," bai ƙara ba.

Na yi aikin ranar kamar wadda aka ɗaure wa dutse a ƙafa. Ƙarfe uku da rabi Yazan ya ajiye farar ambulan a kan teburina, a manne. Ya ce mai ita ya rubuta a ba ni. Na nemi wani abu a fuskarsa, ya juya ya tafi wanke hannu.

Wayata ta yi ƙara.

"Kada ki buɗe ke kaɗai. Muna ƙasa."

Na sauka ta matakala don na kasa jiran lif. Motar Yaya Badr tana gefen titi a cikin rana. Shi a gaba da Musaddiq, Gwaggo a baya da carbinta, Lina ta matsa ta ba ni wuri a tsakiya. Ba wanda ya gaishe ni. Musaddiq ya juyo, na ga idonsa ya yi ja kamar bai runtsa ba. Na miƙa masa ambulan ɗin, ya girgiza kai.

"Ke kika iya karanta irin wannan. Kuma yanzu duk abin da kika faɗa mini na san haka ne."

Gwaggo ta ɗora hannunta a kan gwiwata ta danna.

"Yalla, 'yata. Bismillah."

Na sa yatsa a ƙarƙashin bakin ambulan ɗin, na yaga.